Zuwa ga Edita: 'Yan uwa masu sayen tsofaffin gidaje a Bronx, ku kula da maganar boila

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga nan Bronx a birnin New York, kuma aikina shi ne haɗawa da gyaran boila da bututunta, na daɗe ina yi ƙarƙashin wani filamba mai lasisi. Na san wani zai ce to me ya haɗa jaridar Hausa da boila, ai mu ma muna nan da yawa, 'yan zangon Kumasi da Nima da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, kuma alhamdulillahi yanzu 'yan uwa sun fara sayen gidaje, irin masu hawa biyu ko ukun nan da aka gina tun kafin yaƙin duniya na biyu, mutum ya zauna a ƙasa da iyalinsa ya ba da hayar sama. Da yawan gidajen nan da tururi ake ɗumama su har gobe. Abin da nake ganin ana yi wa mutanenmu in boilar ta mutu shi ya sa na rubuto, don wallahi yana ci min rai.

Maganata ɗaya ce, in za ka canza boilar tururi to rabin aikin ko ma fiye yana wajen bututun da ke kewaye da ita, wanda duk ya ce maka zai sauke tsohuwa ya ɗora sabuwa ya jona yadda ya samu kafin la'asar, kuɗinka zai ci ya bar ka da sanyi.

Bari in ɗan yi bayani saboda na gida da basu taɓa gani ba. Boila tukunyar ƙarfe ce tana zaune a besmen, wato ɗakin ƙarƙashin gida, wuta na ci ƙarƙashinta da gas ko mai, ruwa ya tafasa a digiri 212 na awon Amurka wato 100 a namu, tururi ya tashi da kansa ba famfo ba inji, ya bi babban bututun da ke rataye a rufin besmen ya hau sama ya shiga radiyeta, wato ƙarfen da ke ba da ɗumi, a kowane ɗaki, ya ba da zafinsa ya koma ruwa, ruwan ya gangaro ya dawo tukunya. Yawancin ƙananan gidajen nan bututu ɗaya ne ke zuwa kowace radiyeta, ta nan tururi ke hawa kuma ta nan ruwa ke saukowa. Ruwa in ya zama tururi kumbura yake kusan ninki 1,700, kaga kenan da gudu yake fita daga tukunyar, in ƙofar fitar ta yi masa ƙanƙanta sai ya kwaso ruwa ya tafi da shi sama, daga nan duk matsala ke farawa.

Boilolin zamanin da manya ne sosai, wasu da kwal aka fara hura su daga baya aka maida su na mai sannan gas, cikinsu akwai fili babba sama da ruwan, tururi ya samu wurin da zai rabu da ruwa tun kafin ya fita. Na yanzu, ko Weil-McLain ce ko Burnham ko Peerless, ƙanana ne ruwan cikinsu kaɗan, filin saman ma kaɗan, kamfanin ya bar wa bututun waje aikin raba ruwa da tururi. Duk macen da ta iya dambu ta san wannan, tururi ake so ya ratsa madambaci, in ruwan tukunyar ƙasa ya yi tsalle ya taɓa garin shikenan ya caɓe. To haka gidanka yake, busasshen tururi radiyeta ke so.

Shi ya sa kowace boila ke zuwa da littafinta, a ciki akwai zane ƙarara na yadda za a haɗa bututu da girman kowanne. Babban bututun kwance da ke saman tukunyar, wanda muke ce wa heda, dole ya kai aƙalla inci 24 sama da layin ruwa, wato inda ruwa ke tsayawa a cikin tukunyar. In littafin ya ce a fito da bututu biyu daga tukunyar to biyu za a fitar, ba a toshe ɗaya don a rage kuɗin kaya, kuma in ya ce inci biyu da rabi ko uku ba a rage shi zuwa biyu. Bututun da zai kai tururi cikin gida sai ya tashi bayan an wuce waɗannan biyun, ba a tsakaninsu ba, sannan ƙarshen hedar ya lanƙwasa ƙasa ya zama ikwalaiza, ita ke maida ruwan da aka tace cikin tukunya. A jikin ikwalaizar ake haɗa bututun dawowar ruwa, kamar inci 2 ƙasa da layin ruwa, da ɗan gajeren mahaɗi, wannan shi ne lup ɗin Hartford, sunan ya samo asali daga kamfanin inshorar boila na garin Hartford a jihar Connecticut tun wajen shekara ɗari da suka wuce lokacin boiloli na fashewa suna kashe mutane. Amfaninsa in bututun ƙasa ya huje ruwan tukunya ba zai tsiyaye duka nan take ba wuta na ci. Ni in na shiga besmen shi nake fara dubawa, in babu shi na san irin hannun da ya yi aikin.

Sai maganar jan ƙarfe. Masu gaggawa suna son jan ƙarfe don liƙa shi da dalma ba wuya, ba sai an kawo injin yanka zare ba. Amma tururi zafinsa na hawa yana sauka sau da yawa a rana, jan ƙarfe na miƙewa fiye da baƙin ƙarfe, yau da gobe mahaɗin ya saki, wani lokacin ma ya dinga jan sassan tukunyar har ta fara yoyo. Duk abin da ke sama da layin ruwa baƙin ƙarfe mai zare ake sa wa, da gwiwoyin da za su ba shi damar motsi. Ƙasa da layin ruwa wasu na sa jan ƙarfe ba laifi.

Akwai wani ɗan uwa ɗan Nijar mai tuƙin tasi, mutumin kirki, ya sha wahala ya sayi gida mai hawa uku, a watan Janairu boilar ta tsage ruwa ya cika besmen ga 'yan haya da ƙananan yara a sama. Hankalinsa ya tashi, aka tura masa lambar wani a guruf ɗin WhatsApp aka ce yana da sauƙi. Mutumin ya zo ya leƙa lambar da ke jikin tsohuwar ya ce zai kawo irinta har ma ya ƙara girma don a ji ɗumi sosai, bai hau sama ya kalli radiyeta ko ɗaya ba. Ya haɗa da jan ƙarfe, ya toshe ƙofa ɗaya, ya kunna ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Tun daren farko gidan ya fara ƙara kamar ana dukan bututu da guduma, musamman da asuba, ruwa na feshi daga radiyetar falo ya lalata katakon ƙasa, hawa na uku kuwa sanyi ƙalau. Ya kira shi, ya dawo ya murɗa furesha, wato matsin tururi, sama ya ce yanzu zai kai. Bai kai ba, kuɗin gas ne kawai ya kai. Daga baya wayar ma ya daina ɗauka. Lokacin da aka kira mu tukunyar sabuwa ce fil ba abin da ya same ta, amma sai da muka yanke duk bututun kewayenta muka sake, bawan Allah nan ya biya aiki ɗaya sau biyu, ga 'yan hayar sama sun tashi. Ina kallonsa a besmen ɗin yana lissafi a waya yana cewa kuɗin da zai tura wa mahaifiyarsa ne, wallahi har yanzu abin na raina.

Wancan kuskuren na girman boila shi ya fi yawa. Ba a auna boilar tururi da tsohuwar da aka cire, don wataƙila ita ma wani ne ya yi cankensa shekara arba'in baya, kuma ba a auna ta da faɗin gidan. Radiyetoci ake bi ɗaya bayan ɗaya a ƙirga sassanta da tsayinta da yawan ginshiƙanta a duba jadawali a fitar da abin da ake kira EDR, wato awon faɗin jikin radiyeta mai ba da zafi, kowace ƙafa ɗaya ta EDR tana ba da zafi BTU 240 a awa (BTU ma'aunin zafi ne), a tara duka sannan a nemi boilar da lambar tururinta ta yi daidai da jimillar, an rubuta a jikinta. In ta yi girma da yawa sai ta cika bututu da tururi fiye da yadda radiyetoci za su iya sha, furesha ta hau ta mutu ta sake kamawa ta mutu, haka za ta wuni tana cin gas. Dama radiyetocin tsofaffin gidajen nan manya ne, tsofaffin masu sana'ar suna cewa bayan annobar mura ta 1918 an dinga sa su da girma don mutane su iya kwana taga a buɗe, to me za a ƙara musu kuma. Dan Allah duk wanda ya zo ba ka farashi bai nemi ya zaga ɗakuna da tef ɗin awo ba, ka yi masa godiya ka sallame shi.

Furesha kuma mutanenmu su fahimta, gidan tururi an tsara shi ne ya yi aiki ƙasa da fam 2 a ma'aunin furesha, wasu ma da 'yan oza kawai, abin da bai kai fam ɗaya ba, suke ɗumama. Bawul ɗin kariya yana buɗewa a fam 15 amma wannan na hatsari ne ba wurin aiki ba. In ɗaki bai yi ɗumi ba galibi iska ce ta tsaya a bututu, tururi ba ya shiga inda iska take sai ta fita. Ɗan ƙaramin bawul ɗin nan mai sheƙi a gefen radiyeta da ke yin huci shi ke fitar da ita, kuma akwai manyansu a ƙarshen babban bututu a besmen, irin na Gorton ko Hoffman, waɗanda sau da yawa za ka tarar an shafe su da fenti ko an cire an toshe wurin tun zamanin wani mai gidan. Canza su ba tsada in aka kwatanta da boila, kuma na sha ganin gidan da su kaɗai aka canza hawa na uku ya yi ɗumi a karon farko. Bawul ɗin ƙasan radiyeta kuma a gidan bututu ɗaya ko dai a buɗe shi duka ko a rufe duka, in ka bar shi rabi don wai a rage zafi ruwa ne zai taru ya fara bugu. Radiyetar ma a ɗan karkata ta wajen bawul ɗin da ɗan katako ƙarƙashin ƙafarta.

Wani aikin da masu sauri ke tsallakewa shi ne yaye maiƙo. Sabuwar boila da sabon bututu suna zuwa da mai daga masana'anta da na yankan zare, man nan yana hawa saman ruwa ya hana tururi fita salin alin, sai kaga ruwan cikin gilashin gefen tukunya mai nuna layin ruwa yana ta tsalle sama da ƙasa. Zubar da ruwa ta ƙasa ba ya fitar da shi tunda a sama yake, akwai ƙofa ta musamman a gefe da ake buɗewa a bar ruwan saman ya dinga zuba a hankali a hankali na awoyi, kuma bayan 'yan makonni a dawo a sake don maiƙon bututu sai daga baya yake gangarowa. Ka sa a rubuta maka wannan a takardar yarjejeniya kafin ka biya kuɗin ƙarshe.

To shin sai an canza bututun gidan gaba ɗaya? Ni a ganina a'a. Manyan bututun tururi na sama na sha ganin masu shekara kusan ɗari suna nan garau, abin dubawa kawai kar wani wuri ya lotsa ruwa ya dinga kwanciya, gangaren da ake so kamar inci 1 ne a duk ƙafa 20. Waɗanda ke ruɓewa su ne na ƙasa masu dawo da ruwa, da kullum cike suke, in ka yanka za ka tarar laka da tsatsa sun cinye cikin saura ɗan rami kamar na fensir, wasu kuma an binne su ƙarƙashin siminti suna yoyo ba wanda ya sani. Waɗannan a canza su ranar da ake canza boila, kar a yi rowa a nan. Domin in akwai yoyo na'urar ƙara ruwa za ta dinga zuba sabon ruwa shiru ba ka sani ba, sabon ruwa kuwa yana zuwa da iskar da ke cin ƙarfe, tukunyar da ya kamata ta yi maka shekara ashirin ko talatin sai ta huje tun bata yi goma ba. Sa ɗan mitan ruwa a wurin ka dinga leƙawa. Masu cewa a fasa komai a koma na'urar lantarki, eh gari ya nufi can, akwai dokar birni mai lamba 97 ta 2019 ta rage hayaƙin gine-gine amma manyan gine-gine ta shafa masu faɗin sama da murabba'in ƙafa 25,000, ƙaramin gidanka ba ya ciki, in ba gyaran gidan za ka yi daga tushe ba gyara tururin ya fi maka sauƙi.

Farin abin nan da aka naɗe tsofaffin bututu da shi mai kama da filasta, da yawansa asbesto ne. Dan girman Allah kar ka kira yaran masallaci ranar Lahadi ku yage shi da hannu don a rage kuɗi, ƙurarsa na shiga huhu ciwon kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana, akwai masu lasisin cire shi. In an cire kuma a sake naɗe bututun da rufin zamani mai kaurin inci 1, bututu tsirara besmen yake ɗumamawa tururin ya mutu a hanya. A duba bututun hayaƙi ma, tsohon na bulo sau da yawa yana bukatar a zura masa sabon ƙarfe a ciki, in hayaƙi ya dawo gida gubar nan ce dai da ke kashe mutane a can gida in sun kwana da gawayi ko janareta a ɗaki, ba wari ba launi. Na'urar ƙararrawar gubar doka ce a New York, a sa ta a duba batirinta. Haka na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa, a gwada ta a gabanka kaga wutar ta mutu da idonka. Kuma aikin gas sai filamba mai lasisin birni da takardar izini daga hukumar gine-gine, in ba haka ba ranar da wani abu ya faru inshora na iya juya maka baya.

Malam Edita abin da ya sa na ja maganar nan da tsawo, sanyin nan ba wasa bane kuma in gida bai yi ɗumi ba mutane hita suke kunnawa ko su buɗe oban su kwana. Duk wanda ke Bronx ba zai manta ranar 9 ga Janairun 2022 ba, gobarar ginin Twin Parks, mutum 17 suka rasu 8 daga ciki yara, yawancinsu 'yan uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, kuma hitar lantarki ce ta tada wutar. Allah ya jiƙansu da rahama. In ka zama mai gida to ɗumin ɗan haya haƙƙi ne a wuyanka tun kafin a zo maganar hukuma. Dokar ma a fili take, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, tsakanin 6 na safe da 10 na dare in waje ya sauka ƙasa da digiri 55 na awon Amurka dole cikin gida ya kai 68, da dare kuma kar ya gaza 62 ko yaya waje yake. 'Yan haya kuma ku daina jin kunya ko tsoro, ku fara gaya wa mai gida da mutunci, in bai yi komai ba ku kira 311, lambar kai ƙorafi ta birni, ba cin amana bane, yaranku ne ke kwana a ciki. Masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan kansu su tambayi shirin HEAP na jihar New York, yana da ɓangaren taimakon gyara ko canza abin ɗumama gida ga wanda ya cancanta.

Roƙona ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyi, su dinga tuna wa jama'a bayan sallar Juma'a tun watan Yuni ko Yuli, duk mai tsohuwar boila ya sa a duba ta lokacin zafi. A lokacin masu aikin kirki suna da sarari, za ka iya kiran mutum uku kowa ya zaga ya auna ya rubuta maka farashi, ka ce ya buɗe littafin kamfani ya nuna maka zanen da zai bi, ka nemi hotunan aikin da ya yi a baya ka duba ko baƙin ƙarfe ne. A Janairu kuwa ruwa na kwance a besmen ɗan haya na buga maka ƙofa, duk wanda ya fara ɗaukar waya shi za ka ba. Matasanmu ma masu neman abin yi su leƙo sana'ar nan, tsofaffin da suka san tururi suna ta ritaya gidajen kuma suna nan birjik daga Bronx har Brooklyn da Yonkers da Newark, ni a shirye nake in nuna wa duk yaron da ya zo da niyyar koyo. Na gode da ba ni fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai aikin boila, Bronx, New York